Jig na Hannun Hagu

Bango ɗaya ne ya raba kicin ɗina da shagon Malam, kuma bangon na bulo ne mai huji-huji daga sama don shan iska, saboda haka duk abin da ƙarfe ya faɗa a can ina jin sa a nan. Malam mijina ne. Tun da aka rufe masaƙar da yake aiki a Kakuri ya mayar da garejin gidanmu na Makera wurin sana'a, ya zuba injin gurzar ƙarfe da injin huji da giranda, wato dutsen nan mai juyawa da ake washi da shi. Mota dai ba mu taɓa samun wadda za ta kwana a garejin ba, to gara ƙarafan su kwana.

Ban karanta komai a kan ƙarfe ba, amma kunne Allah ya ba ni. Akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe da ake ɗaura wa injin huji, su bit suke ce masa. Idan bit ya sha washi mai kyau, da wani ɗan gurnani mai daɗi yake shiga ƙarfe, ina tuƙa tuwo ina jin sa har ya ɓulla. Idan washin ya karkace kuwa, kuka yake yi, irin mai sa haƙoran mutum tsami. Shekara da shekaru ban san wannan kukan a gidana ba, sai dai in na bi ta shagunan wasu.

Washin bit shi ne abin taƙamar Malam. Masu walda da makanikai daga Kakuri da Sabo har Unguwar Boro sukan kawo masa nasu a gwangwanin madara. Ya kama bit da yatsu, ya ɗora a jikin dutse, ya ɗan murza wuyan hannu, ya tsoma a ruwa, ya juya ɗaya leɓen, sannan ya ɗaga ya duba a hasken ƙofa yana ƙanƙance ido ɗaya. Shi ke nan. Wani ya taɓa nuna masa hoton jig a waya, wato wani abin riƙo da ake kwantar da bit a ciki, shi zai riƙe maka kusurwar, kai lilo kawai za ka yi da shi. Malam ya kalli hoton a wulaƙance ya ce wannan ai na wanda Allah bai ba hannu ba ne. Ya daɗe yana maimaita maganar, har ni na haddace ta.

To, sai kukan ya fara shigowa kicin ɗina. Da farko jefi-jefi, daga baya kusan kullum. Kafin nan na riga na ga cokali yana buga gefen kofi in yana dama shayi, na ga ya koma riƙe kofin da hannu biyu. Hannunsa na dama ne ya kama rawa. Likita ya ce shekaru ne, ya ba da magani, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba. Ni dai na daina cika masa kofi, shi kuma bai taɓa tambayata dalili ba.

Wata ranar Asabar sai ga Baba na Unguwar Boro ya zagayo ta ƙofar kicin maimakon ta shago. Baba mai ƙera ƙofofin gida ne, Kirista ne daga kudancin jihar nan, kuma tare suka yi aikin masaƙa da Malam tun suna samari. Duk Kirsimeti shinkafarsu sai ta zo mana, duk Sallah namanmu sai ya je. Bayan mun gaisa ya zaro wani guntun ƙarfe daga aljihu, ya zura ƙusa a hujin da ke jiki, ya girgiza. Ƙusar tana ta rawa a ciki.

"Madam, kin gani ko?" in ji shi, yana magana ƙasa-ƙasa. "Bit ɗin Oga ne ya huda wannan. Leɓe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, shi ya sa ramin ya yi faɗi."

Na ce, "Ka gaya masa?"

"Ni? Abeg, ina son raina."

Ashe bawan Allah ya daɗe yana kawo wa Malam bit ya wasa, ya yi godiya, sannan ya wuce da su wani wuri a ɓoye a sake masa. Dariya ta kama ni, amma ba ta kai ciki ba. Baba zai iya wannan wahalar don zumunci, sauran masu gwangwani kuwa ba za su iya ba, kuma na lura sun fara raguwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo ne ta wajen babban ɗanmu, wanda ke zaune da iyalinsa a Kamazou. Ya zo gaisuwa ya tarar da yatsan ubansa a naɗe da filasta, dutse ya ɗan lashe shi. Yaron bai yi wata-wata ba, ya ce bayan Sallah zai kawo wanda zai saye injinan, a gyara garejin a zuba sabulu da ashana da man gyaɗa, uban nasa ya zauna a kujera ya huta. Tsakani da Allah tsoro ne ya sa shi, kuma yana da gaskiyarsa. Amma ni na san mutumin da na aura. Ka zaunar da Malam yana miƙa wa yara ashana, ka gama da shi, sai dai a jira ranar ɗauka. Na so in yi magana, to ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in tsaya cacar baki da shi a gaban ubansa. Na zuba ido in ji Malam ya daka masa tsawa yadda ya saba. Sai kawai Malam ya tsaya duban yatsan nasa. Wannan ya tsorata ni ƙwarai.

Na kwana biyu ina juya abin. Jig ne maganin, ko makaho ya ga haka. Amma ka ce wa Malam ya ƙera wa kansa jig, daidai yake da ka ce masa ya fito titi ya yi shelar hannunsa ya mutu. Sai dai a sa ya ƙera wa wani.

Ranar Litinin da hantsi na ɗaura ɗankwali tamau, na shiga shagon, na ɗauki bit daga cikin gwangwani kamar na gadona, na danna makunnin giranda.

"Hajiya, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Sana'a zan koya. Matan Islamiyyarmu kowa da abin yinta, ni kaɗai ce zaune."

"To ki koyi ɗinkin hula mana."

"Ga sana'a a cikin gidana, in tafi neman allura?"

Na danna bit ɗin a jikin dutse da iyakar ƙarfina, ban tsoma shi a ruwa ba, har bakinsa ya koma shuɗi. Na sha jin Malam yana faɗa wa mutane cewa in bit ya yi shuɗi ya ƙone, ƙarfinsa ya tafi, don haka na san abin da nake yi sarai. Ya fizge shi daga hannuna yana salati. Washegari na dawo. Rana ta uku ma na dawo. Ya nuna mini yadda ake riƙewa, na gyaɗa kai kamar ɗalibar kirki, na sake ƙona wani. Da ya ɓoye gwangwanin a saman kanta, na hau turmi na sauko da shi.

Ana cikin haka Baba ya iso, a kan lokacin da muka shirya da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu, ya kalli bit ɗin da na kashe, ya girgiza kai fiye da yadda muka yi da shi zai girgiza.

"Oga, ka bar wahalar da kanka. Madam ba za ta iya ba. Babu malamin da zai koya mata wannan, ko kai."

Malam ya ce, "Ko ni?"

"Sai dai da jig. Shi kuma jig ba a yin sa a nan, sai na waje, na kamfani. Mu nan ina muka ga kan yin wannan lissafi."

Na zabga wa Baba harara don ya soma zarce gona da iri, saura kaɗan ya fashe da dariya. Malam ya dubi Baba, ya dube ni, ya ɗan daɗe yana dubana, sannan ya cire hularsa ya rataye a ƙusa. Duk wanda ya san shi ya san in hula ta hau ƙusa aiki ya tashi.

Ban san ramuwa zai haɗa da aikin ba sai da na ji ƙarar zarto daga sito. Ina zuwa na tarar ya jawo tsohon gadon ƙarfen da aka kawo ni da shi, wanda na ƙi sayarwa na ƙi bayarwa, yana yankar ƙarfen gefensa.

"Malam, gadon aurena?"

"Ba ke za a yi wa abin ba? Ai da kayanki za a yi. Ƙarfen da ne, yanzu ba a samun irinsa."

Na haɗiye. Ƙarfen gadon mai kusurwa ne, in ka kwantar da shi a kan ƙashin bayansa sai ya zama ɗan kwari, a nan bit zai kwanta ba ya mirginawa. Bai tsaya nan ba. Ya kwance boris, zoben ƙarfen nan mai juyawa, daga matacciyar fankar ɗakina, ya ce a kansa jig ɗin zai riƙa lilo. Ya cire dogon sukurun da ke maƙale injin taliyata a jikin tebur, ya ce shi zai riƙa turo bit gaba kaɗan-kaɗan daga baya. Har mariƙin katako na injin taliyar bai tsira ba. Kullum in na shiga kicin sai na ƙirga tukwanena da ido.

Aikin ya ɗauke mu kwanaki, don wuta tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama. Na ce mu, domin tun ranar farko ya mayar da ni 'yar riƙo. Riƙe nan, Hajiya. Ja layi daga nan zuwa can. A'a, ba haka ba, ke wai ba kya ganin ya karkace? Ya haɗa manyan noti biyu gefe da gefe ya ɗiga musu walda, ya nuna mini ɗan lungun da ke tsakaninsu, ya ce bakin bit mai kyau a nan zai zauna daram, ba haske ta ko'ina. Da wannan muka auna karkatar kwarin. Ya kuma lanƙwasa wani ɗan harshen ƙarfe a gaba, wanda zai shiga murɗin bit ya tsayar da shi, don in an juya ɗaya leɓen ya faɗa daidai inda na farko ya tashi. Duk inda aiki ya buƙaci hannu ya tsaya cak, sai ya ce idonsa ne ba ya gani sosai, in zo in yi. Ni kuma in ce to, idon ne.

Gwajin farko abin dariya ne. Bit ya fito yana ƙyalli, leɓɓansa daidai wa daida, har na fara yi wa kaina kirari. Aka ɗaura shi a injin huji, ya hau ƙarfe yana ta juyi yana hayaƙi, ko gezau, bai ci komai ba. Malam ya cire shi ya duba, ya yi tsaki. Ya ce bayan leɓen bai zaftare ba, diddigen ne ke gugar ƙarfe kafin kaifin ya taɓa. Na ce to ashe Baba ya yi gaskiya, sai na waje. Kallon da ya yi mini, da kallo na yanka da na zubar da jini. Ya kwance boris ɗin ya gusar da shi gefe kaɗan, ya sake ɗaurewa, muka sake gwadawa, ya sake gusarwa. Ranar ko abincin rana a tsaye ya ci.

Da la'asar ɗin wata Alhamis ya kira ni ya ce an gama. Ya goge jig ɗin tas, har ya shafa masa ragowar koren fentin ƙofa. Ya ɗaure shi a gefen giranda da ƙusoshi. Na matso na kai hannun dama zan kama mariƙin, sai hannuna ya kama iska. Mariƙin yana hagu.

Na ce, "Malam, ka yi kuskure. Ka sa shi a bai-bai."

"Ban yi kuskure ba. Ai bahaguwa na aura."

Nan na tsaya sororo. Ni bahaguwa ce tun haihuwa, amma kakata ta fitar mini da shi da muciya tun ban yi wayo ba. Da dama nake ci, da dama nake karɓa, da dama nake miƙawa. Sai in ina ni kaɗai a kicin wuƙa take komawa hagu, haka zaren allura. Ko 'ya'yana ban yarda sun lura ba, kuma na ɗauka shi ma na rufe shi ruf.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun albasar farko da kika yanka a gidana. Hujin bangon nan ba ta gefe ɗaya yake kallo ba."

Abu biyu suka taso mini lokaci guda. Na ji wani sanyi a raina, cewa mutumin nan ya san wannan tun muna yara bai taɓa yi mini gori ba. Na kuma ji haushi kamar in fasa ihu, don duk wahalar nan da asarar gado da injin taliya saboda shi na yi, ga shi ya ƙera abin da ni kaɗai zai yi wa amfani. Na haƙa rami na auka da ƙafata. Ba yadda na iya, na kwantar da bit a kwari, na murɗa sukuru kaɗan, na yi lilo da hagu, na tsoma a ruwa, na juya. Da aka ɗaura a inji sai ga gurnanin nan da na yi kewa, ga ɓawon ƙarfe yana fitowa a nannaɗe ta gefe biyu, tsawonsu ɗaya.

Haka na zama mai washin bit ƙarfi da yaji. Kullum da safe in na sauke koko sai in shiga shago in yi na gwangwanayen da aka kawo, Malam yana tsaye a kaina yana gyara mini tsayuwa, yana cewa na cika gaggawa. Baba ya daina kai nasa wani wuri. Amma damuwata tana nan, domin yaron Kamazou ba zai bar injina saboda tsohuwa tana wasa da su ba, ƙila ma ya ce yatsu ashirin ne yanzu a cikin haɗari.

Bayan Sallah ya cika alkawari. Ya zo da wani Alhaji mai sayen tsofaffin injina, mutumin yana ta ƙwanƙwasa injin gurza da makullin motarsa kamar mai sayen kankana. Ni ina kicin, na hau turmi na sa ido a hujin bulo.

Yaron ya rusuna gaban ubansa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba raini ba ne. Hannun nan ne nake tsoro."

Malam ya ɗaga hannun daman ya dube shi yana rawa, a gaban baƙo, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Wannan? Ai ya yi ritaya tuni." Ya zura shi a aljihun riga. Ya ɗauki wani dakusasshen bit da hagu, ya kwantar a kwarin gadona, ya ɗaure, ya kunna giranda, ya kama mariƙin injin taliyata da hagu. Lilon da ya yi ba na ɗan koyo ba ne. Santsi, ba gargada, ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ya juya leɓe, ya maimaita, ya ɗaura a inji ya huda ƙarfe, ɓawo biyu suka nannaɗo.

Saura kaɗan in faɗo daga kan turmin. Sai a lokacin na tuna yadda yake matsa mini kada in makara Islamiyya ranakun Asabar da Lahadi, har da ba ni kuɗin keke ban roƙa ba. Ashe ina fita yake rufe ƙofa yana koyon lilon da hagu.

Yaron bai kalli hujin ba ma. Yatsun ubansa yake kallo, da tazarar da ke tsakaninsu da dutse, wadda ta kai tsawon tafin hannu. Na ga kafaɗunsa sun sauko. Alhajin ya gyara murya ya tambaya ko har da wannan koren abin za a sayar.

Malam ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, na Hajiya ne, aro nake yi. Shagon ma yanzu tare muke. In ciniki za a yi, sai a shiga ciki a same ta." Ya juya wajen ɗansa. "Je ka yi magana da ita."

Ya san sarai yaron ba zai iya tsayawa gabana ya yi cinikin kayana ba, ni ma ba zan ɗaga ido in amsa masa ba. Yaron ya sosa ƙeya yana murmushi, ya raka Alhaji mota yana ba shi haƙuri. Mako na zagayowa ya aiko da tabarau na aiki guda biyu da murfin giranda, ya ce wannan kam ba roƙo yake ba. Mun sa.

Da yamma na kai wa Malam shayinsa, rabin kofi kamar kullum. Na tsaya a kansa na riƙe ƙugu.

"Malam, tsakaninka da Allah, wa ka ƙera wa jig ɗin nan?"

Ya kurɓa, ya ajiye kofin da hannu biyu.

"Ke wa kika sa na ƙera wa?"

Har yau ba mu sake tayar da maganar ba. In mai gwangwani ya yi masa tsiya cewa yau ga Malam da jig, sai ya ce na iyali ne, yana duba mata ne ko yana nan daidai. Injin taliya dai ban sake samu ba, gadon aurena kuma yana sito da gefe ɗaya.

Kullum da hantsi, ina tsakiyar wanke-wanke, sai in ji muryarsa ta hujin bulo.

"Hajiya, a ara mini jig ɗinki."

Ni kuma in ce, "A ɗauka. A dai mayar mini da shi yadda aka same shi."

Daga nan sai in rage ƙarar famfo, in jira in ji bit ya shiga ƙarfe.